Aikin da ke jiran ɗalibanmu idan sun dawo hutu

Jihar Jigawa ta kafa dokar kare haƙƙin yara a shekarar 2021, Kano kuma ta bi sahu a 2023, shekara ashirin bayan dokar tarayya ta 2003. Sai dai a ƙauyukanmu na yankin Haɗejiya da Kafin Hausa, mutane da yawa ba su taɓa jin labarinta ba, kuma abin yana damuna ƙwarai.

A ganina, babu wanda ya fi dacewa ya kai wannan saƙo kamar 'ya'yan garin da ke karatu a Jami'ar Sule Lamido ko Jami'ar Tarayya ta Dutse, domin idan baƙo ya zo da mota da takardu ana yi masa kallon mai wata manufa, amma ɗalibin da aka san iyayensa zai durƙusa gaban mai unguwa ya ce “Ranka ya daɗe,” a ba shi tabarma a saurare shi. Shi ne zai iya yi wa kawunsa bayani cikin ladabi cewa karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma wajibi tun dokar ilimin bai-ɗaya ta tarayya ta 2004, har ga yarinyar da ke yawo da farantin gyaɗa a ka ranar kasuwa alhali takwarorinta suna aji.

Ɗalibai mata kuwa suna shiga cikin gida inda namiji ba ya shiga, su zauna da iyaye mata a kan maganar talla da yi wa jarirai rajistar haihuwa. Ina roƙon ƙungiyoyin ɗalibai na ƙananan hukumomi su sanya wannan cikin shirinsu na hutu, su fara da neman goyon bayan liman da dagaci.