Sandar awo da takarda: abin da zubewar mai ta koya mini

Na ajiye aikin gidan mai a ƙarshen watan jiya, kuma kafin abubuwa su dushe mini ina so in bar wa ƙannena masu riƙe da bakin fanfo a Maradi 'yan kalmomi. Awon safe da lissafin kuɗin yamma kowa ya san su, ba zan tsaya nan ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sauke sitarni, wato tankar dakon mai, da abin da ake yi idan mai ya malala ƙasa.

Kuskuren da ya fi ci mana rai a littafi ya fara. Rumbun esanshi na ƙarƙashin ƙasa mai cin lita 20,000 ne, kuma ba a cika shi ya wuce kashi 95 cikin ɗari, wato 19,000, domin mai yana kumbura idan ya ji zafi, dole a bar masa fili. Littafi ya ce man da ya rage a ciki lita 11,000 ne. Ashe fanfo ɗaya ya wuni a lalace, wanda ya rubuta kuma ya yi ƙiyasi ne da cinikin kullum. Abin da ke ciki 13,500 ne. Aka buɗe ɗakin sitarni mai lita 7,000, ba wanda ya zura sandar awo a rumbu, murfin ramin awo kuma a buɗe. Ku haɗa da kanku: 20,500 a rumbun 20,000. Nauyin man ne ke turo shi cikin tiyo, ɗaruruwan litoci a minti ɗaya, direba kuwa yana can gindin dogon yaro da kofin shayi. Kafin a kai ga makunnin, kusan lita 200 ta fito ta ramin awo. Lita ɗaya idan ta bazu da kaurin milimita ɗaya tana rufe murabba'in mita ɗaya, to ku auna filin da lita 200 za ta mamaye.

Wannan tsautsayi ne da sakaci ya jawo. Na biyun kuwa da gangan aka yi shi. Jeran, wato manajan gidan mai, ya ce a kawo ruwa da omo a wanke kafin mai gida ya iso.

Don Allah, ƙanena, ko wa ya ba ka wannan umarni kada ka bi. Esanshi ya fi ruwa sauƙi, lita ɗaya kusan giram 750 ce, saboda haka a kan ruwa yake hawa ya tafi inda ruwan ya nufa. Omo kuma ba ya kashe mai, farfasa shi yake yi ya gauraya shi da ruwa, ido ya daina gani, alhali yana nan. Ka ɗauke shi daga kan siminti inda za ka iya kwashe shi, ka tura shi cikin kwalbati inda ba ka da iko da shi. Tururinsa ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, yana kwanciya ƙasa yana bin rami, kuma kashi ɗaya da rabi kacal cikin ɗari na iska ya isa ya kama wuta. Mita talatin gaba akwai mai tuyar ƙosai da murhunta a bakin wannan kwalbatin. Idan Allah ya tsare aka tsira daga wuta, ruwan sama na farko zai kwashe sauran ya kai Gulbi, ya bi ta Tibiri da Gidan Rumji, ta fadamun da mutane ke noman rani suna shan ruwan rijiyoyi marasa zurfi.

Abin da ya kamata shi ne a fara rufe makunnin sitarni, a bar tiyo a ɗaure yadda yake. Tiyo mai faɗin inci uku da tsawon mita shida yana riƙe da fiye da lita 25, wanda ya kwance shi cikin gigita ya ƙara wata zubar. Sai a danna maɓallin tsayar da fanfuna. A nan a kula da gurup, wato injin ba da wuta: idan irin mai tashi da kansa ne, yanke wutar gari zai tayar da shi, don haka a kashe shi tukuna. Kada a tayar da injin sitarni, kada a bar ɗan kabu-kabu ya buga mashin, a tura shi da hannu har ya fita. A kira 'yan kwana-kwana a lamba 18 daga nesa, ta inda iska ke fitowa, tun wuta ba ta tashi ba. Mutum ɗaya ya tsaya da tukunyar kashe wuta ta hoda, aikinsa ke nan kawai.

Wani kuma ya tsare jama'a, don su ne suka fi wuyar tarewa. Da an ji warin mai sai ka ga yara da bido da kwanoni. A Yamai cikin watan Mayun 2019 mutum sama da 50 suka rasu a kusa da filin jirgin sama wajen kwasar man sitarni da ta faɗi, a Majiya ta Jigawa kuma cikin Oktoban 2024 aka rasa fiye da 150 ta wannan hanya. Gara ka ɓata da maƙwabci yau.

Yashi kuwa, a bakin kwalbati ake fara zuba shi a yi shinge, sannan a kewaye man, sannan a rufe tsakiya. Busasshen yashi, ban da garin katako, wanda shi kansa makamashi ne. Baro ɗaya da ƙyar yake shan lita 20, wato zubar lita 200 tana son baro goma ko fiye. Jan bokiti biyun nan da ake ratayewa don masu bincike su gani ba su kai ko'ina ba. A kwashe da shebur na alminiyo ko na roba, don na ƙarfe idan ya karci siminti yana fid da tartsatsi. A zuba a duro mai murfi, a ajiye a inuwa, kada a kai bola inda ake cinna wuta kullum. Wanda mai ya jiƙa wa riga a kwarara masa ruwa kafin ya tuɓe, musamman lokacin hunturu da tufafi ke tartsatsi da kansu. Kada kowa ya sauka cikin ramin rumbu, tururin da ya taru ciki yana sumar da mutum cikin ɗan lokaci. Sai komai ya lafa, an rage man rumbu, sannan a juye na cikin tiyo.

Gazuwal bai kai esanshi saurin kamawa ba, sai zafinsa ya haura digiri 55, amma simintin Maradi da rana tsaka a watan Afrilu ba abin raina wa ba ne, ga santsi da ke kayar da masu mashin.

Saura maganar wa zai biya, inda aka fi cutar ƙananan ma'aikata. A al'adar aikin, sitarni da tiyonta na wuyan mai jigila ne, rumbu da sanin abin da zai iya ɗauka kuwa na wuyan gidan mai. Wanda ya sa hannu cewa rumbu zai ɗauka, shi ya ɗauki nauyi. A wancan karon jeran ne ya sa hannu a bordero, takardar karɓar mai, daga cikin buro bai fito ba. Amma da aka wanke wurin, ba hoto, ba awo, ba shaida, sai aka ce yaron da ke tsaye kusa da tiyo shi ne bai kula ba, aka yi ta yankar albashinsa wata da watanni. Yaron bai taɓa riƙe littafin ba. Har yau abin yana yi mini zafi.

Saboda haka, bayan an kawar da haɗari, kafin a share alamar ƙarshe, a ɗauki hoto, a sake zura sanda a rumbu da ɗakin sitarni, a rubuta lambar fanfuna da lokaci, direba da jeran su sa hannu tare. Idan zubar babba ce ko ta taɓa kayan maƙwabta, a kira wisiye, ma'aikacin shari'a mai rubuta shaida, ya rubuta abin da ya gani. Dokar CIMA, wato dokar asirans ta haɗin gwiwar ƙasashen Afirka da kamfanonin asirans na Nijar ke bi, ba ta yarda wa'adin sanar da kamfanin asirans ya gaza kwana biyar na aiki ba, yawancin takardu kuma a nan suke tsayawa, kada a bari ya wuce. A sanar da ma'aikatar muhalli ma, domin dokar muhalli ta 1998 a kan wanda ya gurɓata take ɗora gyara, ɓoyewa kuma ƙara laifi yake. Ma'aikacin da aka yanke wa albashi ba bisa hujja ba yana da ƙofar insifektan aiki, ya tafi da takardar biyansa.

Sauran gajeru ne. A ɗaura wayar ƙasa mai hana tartsatsi a jikin sitarni kafin tiyo. A bar mai ya natsu 'yan mintoci bayan doguwar tafiya daga Zinder. A duba hatimin kowane ɗaki, a tabbatar tiyon esanshi bai shiga rumbun gazuwal ba. Direba ya tsaya hannunsa kusa da makunni har ɗigon ƙarshe. Ramin awo kuma, bayan ka zare sanda ka karanta da idonka ka rubuta, ka murɗe murfinsa tam kafin ka ce a buɗe.