Harafi ɗaya a cikin nennen

Watanni uku da fara koyon Jamusanci, na ɗauka na kama bakin zaren. Malamarmu ta ce yawancin aikatau, in za a faɗi abin da ya wuce, -te kawai ake liƙa musu a wutsiya: machen ya koma machte, sagen ya koma sagte. Sai na saki jiki.

Ran nan aka ce kowa ya rubuta labarin yadda aka raɗa masa suna. Nennen shi ne sanya wa abu suna ko kiran mutum da wani suna, don haka na zabga "mein Vater nennte mich". Takarda ta dawo da jan biro a kan harafi ɗaya tak. Nannte ake cewa. Wutsiyar tana nan, amma wasalin ciki ya juya daga e zuwa a, kamar jemage, ba tsuntsu ba, ba dabba ba. Wani abin haushi, nennte ɗin ma kalma ce, sai dai ta "da a ce" ce, kuma da wuya ka ji ta a bakin mutum.

Abin ya ba ni wuya ne domin mu a Hausa ba ma taɓa cikin aikatau saboda lokaci. Na kira, na kan kira, zan kira: wakilin suna ne ke ɗaukar kayan. Bajamushe kuwa cikin kalmar yake shiga ya yi gyara.

Da na daina haddace shi shi kaɗai na haɗa shi da danginsa, sai ya zauna: kennen, kannte, gekannt, rennen, rannte, gerannt, brennen, brannte, gebrannt. Kiɗansu ɗaya ne, ina rera su a hanya kamar karatun allo.

Daga baya na lura nannte ya fi yawa a littafi da jarida. A hira, musamman a kudancin Jamus, "hat genannt" za ka ji, wato wata hanyar faɗin abin da ya wuce, da siga ta uku mai ge- a farko. In kuma an sa er- ko be- a gaban nennen, ge- ɗin sai ya faɗi: ernannt, benannt. Wannan na tsince shi ne a wani darasin tarihi, inda aka ce a 1953 birnin Chemnitz "wurde umbenannt", wato an sauya masa suna zuwa Karl-Marx-Stadt, sai a 1990 aka mayar masa da nasa na asali.