Ka sayi filin tun kana gwauro

Na shiga aikin masaƙa a Kakuri, Kaduna, a 1983, ba mata ba ɗa. Mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 125 ne, kuma naira ta fi dala daraja. Wata na ƙarewa sai in nufi kasuwa. Na sayi rediyo mai kaset, agogon Seiko, shadda kala-kala. Akwai wani dattijo mai gyaran injin saƙa a sashenmu, duk ranar albashi sai ya tare ni a ƙofa: "Yaro, ka sayi fili ko a bayan gari ne." Ni kuwa in ce, "Baba, bari dai in yi aure tukuna."

Na yi auren. Cikin shekara bakwai yara huɗu suka zo, farashin kaya ya yi tashin gwauron zabi bayan SAP, shirin tsuke bakin aljihu da gwamnati ta kawo a 1986, albashin da nake fantamawa da shi ya koma ba ya kai mu ashirin ga wata.

Sai da furfura ta fito ɗana mai karatun tattalin arziki ya ba ni labarin wani Bature, Seebohm Rowntree, da ya sa aka bi gidajen ma'aikata ɗaya bayan ɗaya a birnin York na Ingila a 1899. Ya samu kusan kashi 28 cikin 100 na mutanen garin cikin talauci, kuma da yawansu magidanta ne masu aiki kullum, ladan ne bai isa ba. Amma abin da ya tsaya min a rai shi ne, ya ce talauci kan ziyarci lebura sau uku: yana yaro a gidan ubansa, sa'ad da 'ya'yansa ke ƙanana, sai kuma in ƙarfi ya ƙare. Sauƙin na tsakani ne. Wallahi kamar a ɗakina mutumin ya zauna.

To kai da ka fara ɗaukar albashi yanzu, babu mai kuka da kai, wannan sauƙin kake ciki, kuma gajere ne. Kada ka auna kuɗinka da yawan sifili, auna shi da mudun masara nawa zai saya.

Sannan ka koyi wata sana'a da ba ta rataye a wuyan wurin aikinka ba. Da wutar lantarki ta gagara, atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa, masaƙu suka yi ta rufewa, ba mu kaɗai muka faɗi ba. Mai tuwon bakin ƙofa, mai gidan haya, tela, duk tare muka tafi. Dubbanmu muka fito rana ɗaya da gwaninta iri ɗaya wadda ba mai nema, aka yi ta rububin acaɓa.

Unguwar da Baba ya nuna min, daji ce a lokacin, har da gonakin dawa. Bara na bi ta can a Keke Napep zan je biyan kuɗin haya.