Ranar da inuwa ta fi tsawo a Henan

Na sauka a Zhengzhou, babban birnin lardin Henan na ƙasar Sin, a watan Satumba, da jaka biyu da Sinancin da bai wuce gaisuwa ba. Kafin Disamba ta raba tsakiya na gane cewa gajartar yini ta fi sanyin garin taɓa min zuciya. Rana ba ta fitowa sai wajen bakwai da rabi, kafin biyar da rabi kuma magariba ta yi. A Katsina hunturu kan busar mana da leɓe da dunduniya, amma bai taɓa cinye mana yini haka ba. In fita da duhu, in dawo da duhu, ga kewar gida.

Wata tsohuwa ce maƙwabciyata, ina kiranta Ayi, wato inna. Wani dare ta ƙwanƙwasa ƙofata riƙe da kwano yana tururi. Jiaozi ne a ciki, ƙananan ƙullin fulawa da ake cusa wa nama da ganye a dafa a ruwa. Kafin in buɗe baki ta ce, "Saurayi, naman rago ne, wajen mahaucin Musulmi 'yan Hui na sayo, tukunyar ma sabuwa ce. Ci, yau Dongzhi ne. Wanda bai ci ba sanyi zai cinye masa kunne." Na karɓa da hannu biyu. Rabon da wani ya tuna da abin da nake ci da wanda ba na ci tun ranar da na baro gida.

Washegari na tambayi abokin karatuna wace rana ce Dongzhi a watansu, don in rubuta in riƙa tunawa. Ya ce ba ta da tsayayyar rana a wata, amma a kalandar Turawa yawanci 21 ko 22 ga Disamba take faɗowa. Abin ya ɗaure min kai. Na ɗauka kalandarsu irin tamu ce ta Hijira, wadda shekararta ke da kwana 354 ko 355, shi ya sa azumi ke zagayawa daga bazara zuwa hunturu. To yaya bikin masu lissafi da wata zai kafe a wuri ɗaya?

Ya zana min da'ira a bayan takarda. Ya ce hanyar da rana ke bi a sararin sama cikin shekara an raba ta zango 24, kowane zango digiri 15. Daidai lokacin da rana ta kai digiri 270, shi ne Dongzhi: ta kai ƙarshen karkatarta zuwa kudu, yini ya kai iyakar gajarta, daga nan sai juyowa. Cibiyar nazarin taurari ta Zijinshan da ke Nanjing ce ke fitar da lissafin har zuwa minti, bisa agogon Beijing, kuma ranar da mintin ya faɗa cikinta ita ce ranar bikin. A 2021 ya faɗo ƙarfe 11:59 na daren 21 ga Disamba. Da ya ƙara minti ɗaya da sai 22. A 2022 kuwa da asubahin 22 ya faɗo a Sin, alhali a Najeriya ana daren 21. Ya ƙara da cewa a da shekarar ake rabawa da kwanaki daidai wa daida, sai a kalandar 1645 aka koma bin ainihin inda rana take.

Na ce, kafin kwamfuta fa? Ya ce in shirya ranar Asabar.

Ranar Asabar ya kai ni Dengfeng, wadda ba ta da nisa da Zhengzhou. A garin Gaocheng da ke can akwai wata hasumiyar bulo da masanin taurari Guo Shoujing ya tsara a ƙarshen ƙarni na 13, zamanin daular Yuan. Daga gindinta wani dogon dakalin dutse ya miƙe sak zuwa arewa, fiye da mita 30, kamar an shimfiɗa ma'auni a ƙasa. A sama ana gitta sanda, da tsakar rana inuwarta ta faɗo kan dakalin, a karanta. Ranar da inuwar ta fi nisa ita ce Dongzhi. Sai dai akwai matsala biyu. Bakin inuwar dogon abu dishi-dishi yake, don haka Guo ya yi amfani da farantin tagulla mai ɗan ƙaramin huji wanda ke fito da sandar siririya kamar zare. Na biyu, a kwanakin da ke kewaye da Dongzhi inuwa kusan tsayawa take yi, ta yau da ta gobe ido ba ya rabewa. Tun ƙarni na 5 wani masanin lissafi, Zu Chongzhi, ya samo mafita: a auna makonni kafin ranar da makonni bayanta, lokacin da inuwa ke saurin sauyawa, a nemo inda tsawon ya zo ɗaya, sai a ɗauki tsakiya. Da irin wannan awo kalandar da aka fara aiki da ita a 1281 ta ba shekara kwana 365.2425, adadin da kalandar Turawa ta yanzu ta zo da shi a 1582.

Na daɗe tsaye a bakin dakalin. Inuwata da tsakar rana ta fi tsawona sau ɗaya da rabi, abin da ban taɓa gani ba a gida. Nan take na tuna kakana, Allah ya jiƙansa, yana taka inuwarsa da tafin ƙafa a ƙofar zaure don ya san ko la'asar ta yi. A makarantar zaure an karantar da mu cewa la'asar na shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa bayan an cire inuwar zawali. Na haddace, amma sai a Henan na ga amfanin cirewar da idona, domin nan a Disamba inuwar zawali kaɗai ta wuce tsawon mutum.

A hanyar dawowa ne abokina ya warware min sauran. Watansu na farawa ne ranar da wata da rana suka haɗu bisa lissafi, ba a jiran gani, shi ya sa ɗaya ga watansu kan riga tamu da kwana ɗaya ko biyu. Ƙa'idar kuma ita ce duk watan da Dongzhi ta faɗo a cikinsa shi ne na goma sha ɗaya. Idan aka ƙirga daga wannan watan zuwa irinsa na baɗi aka sami wata 13, sai a duba na farkon da babu ɗaya daga cikin manyan zanguna 12 (rabin zango 24 ɗin nan, har da Dongzhi) a cikinsa, a mai da shi watan ƙari, kamar yadda aka maimaita wata na biyu a 2023. Ashe Dongzhi ce turken da aka ɗaure watannin a jikinsa, shi ya sa sabuwar shekararsu ba ta barin tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu.

Da na ba Ayi labarin tafiyar, sai ta shiga ɗaki ta fito da takarda mai zanen reshen fure, fure tara, kowanne da ganye tara. Ta ce daga Dongzhi ake ƙirga tara sau tara, kwana 81, kullum a shafa wa ganye ɗaya ja. Tara ta uku da ta huɗu su ne tsananin sanyi, in jan ya cika takarda kuwa ɗumi ya dawo. Na manna ta a bango kusa da jadawalin lokutan salla. Kowace safiya bayan asuba nakan shafa ganye ɗaya. A mako na biyar na lura magariba ta ja baya da kusan rabin awa, na kira Hajiyarmu na gaya mata, ta ce su ma can hazo ya fara sauƙi.