Daɓe mai shan ruwan sama: inda aka kwana

'Yan'uwa masu koyo, daɓen da nake yi shi ne wanda ruwan sama ke ratsawa ya shige ƙasa. An gama haƙa, manyan tsakuwa sun shiga, saura shimfiɗar sama da jera tubalan intalok.

Kafin in sa shebur sai da na gwada ƙasar. Na tona rami, na cika shi da ruwa har ya tsotse, sannan na sake cikawa ina auna saukarsa. Cikawa ta biyun ce abin lura, don busasshiyar ƙasa tana ruɗin mutum. Tawa ta sha ba gardama. Wanda tasa yumɓu ce, sai ya binne bututu mai huji-huji a ƙarƙashin tsakuwar, ya kai rarar ruwan lambatu.

Kowa tubalin yake kallo, alhali aikin yana ƙasa. Irin wannan tubali ba ya shan ruwa. Ta tsagar da ke tsakani ruwan ke bi, ya taru a cikin tsakuwa, ƙasa ta yi ta shanyewa a hankali maimakon ya kwarara titi. Ga lissafin: ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Tsakuwar da girmanta yake bai ɗaya kuwa, wajen kashi 30 cikin 100 nata sarari ne, don haka kaurin santimita 30 zai riƙe ruwan milimita 90.

Wannan sararin shi ne jarin, kuma ƙura ce ke cinye shi. In an kawo muku tsakuwa, ku damƙa ku murza. Idan farin gari ya maƙale a tafin hannu, a wanke ta. Ni a baro na riƙa wankewa da tiyo har ruwan ya daina fitowa kamar tsari. Aiki ne mai cin rai, amma ba shi da madadi. Yashi kuwa ko a tsaga kada ya shiga, sai ƙananan tsakuwa, milimita 2 zuwa 6.

Ƙasan wurin da aka haƙa don daɓen ban daddanne shi sosai ba, tsakuwar na danne hawa-hawa. Na kuma bar tazarar mita 3 daga harsashin gini.

Abin ba na masu sha'awa kaɗai ba ne: tun 2008, a Ingila, wanda zai daɓe fiye da murabba'in mita 5 na gaban gidansa da abin da ke tura ruwa titi sai ya nemi izini.

Gobe zan kafa bakin daɓen, in ɗan ɗaga shi don kada ƙasar lambu ta gangaro ta toshe tsagogin.