Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Ta'amin Ɗin Camry

Makon jiya na tsaya a rasuwar Inna da daɗewar da na yi a Kano kan rabon gado. Yau maganar Camry ce, don har yanzu in na tuna sai raina ya sosu.

Na sauka Jidda na tarar inshorar motar, ta'amin kamar yadda muke cewa a nan, ta ƙare tun ina gida. Yarona kuma yana ta fita da ita kai gyatumarsa asibiti. Da na buɗe Absher, manhajar hidimomin gwamnatin Saudiyya, sai ga tara a jere. Tun 1 ga Oktoba 2023 Murur, wato 'yan sandan hanya, suka bar wa kyamara aikin kama motar da ba ta da ta'amin, kuma duk kwana 15 sabuwar tara take hawa, tsakanin riyal 100 da 150. Istimara, takardar rajistar mota, ma ba ta sabuntuwa sai da ta'amin. Hankalina ya tashi.

Nan mijin ƙanwata Auta ya shigo. Kun san shi, ba sai na faɗa ba. Ya karɓi wayata a tsakar gida ana shan shayi, ya ce, "Yaya, bar wahalar da kanka, yanzu zan mayar maka da ita yadda take." Yadda take, haka ya ce, Hajiya shaida ce. Tun da na sayi motar nan shamil nake yi mata, wanda ke gyara taka ya gyara ta wanda ka buge. Kawu, Allah ya jiƙansa, shi ya ɗora ni a kan haka. Kullum maganarsa ke nan: sayen nagari mai da kuɗi gida. Mutumin da ya ratso Sudan yana aikin auduga a Jazira kafin ya haye teku, bai taɓa riƙe sitiyari ba, amma ranar da na kai masa Camry a Shara Mansur, wato titin Mansur, ya shafa bonet ɗin ya ce, "Kai ɗan nan, kada ka yi mata araha." Shi ne fa mijin Auta ke cewa tsoho ne bai san zamani ba. Wannan ma ban manta ba.

Kuɗin da aka cire bai yi nisa da na bara ba, shi ya sa zuciyata ta kwanta. Washegari sai ga wani saƙon banki, an sake cira. Na kira shi, ya ce kashi-kashi ne, na biyu ne ya fita da wuri. Na kira kamfanin, wannan ya ce takarda ɗaya suke gani, wancan ya ce in jira saƙo.

Ana cikin haka na bugi wata Hyundai a Shara Falasɗin bayan la'asar. Ma'aikacin Najm, kamfanin da ke duba haɗarin mota, ya zo ya ɗauki hotuna, ya rubuta kashi 75 cikin ɗari na laifin a kaina. Ban yi musu ba, don na san ina da shamil, iyaka in biya tahammul, wato kason kuɗin gyara da mai mota ke biya da kansa, a kai motar warsha, wato gareji. Fitilar hagu ta tarwatse, radiyeta na zubar da ruwa a kan kwalta, ni kuwa ina ba yaron Hyundai haƙuri har da murmushi.

A ofishin kamfanin aka juyo mini kwamfuta na gani da idona: didda gair, wato ta'amin da ke gyara motar wanda ka buge kawai. Za su biya wa mai Hyundai, tawa kuwa ko ƙusa. Na ce to yaya kuɗin ya kusa na shamil? Ma'aikacin ya lissafa mini. Rangwamen da nake samu na shekarun da ban yi haɗari ba ya faɗi saboda tazarar da aka bari, an saka yaro a matsayin direba na biyu alhali shekarunsa kaɗan ne, ga harajin kashi 15 a kai. Abin da ya ƙare ba a ta da shi, in ji shi, sabuwar takarda ake yankewa da sabon lissafi. Cirar ta biyu kuwa ashe wani kamfani ne daban. Mijin Auta ya danna na farko, ya ga kamar bai wuce ba, ya koma ya danna wani. Takardu biyu, dukansu didda gair, a kan mota ɗaya. Na soke ɗaya, suka zaftare nasu suka dawo da saura bayan na gaji da zarya.

Sayen nagari. Da Kawu na raye da shi zan kai wa ƙara, don a gabansa kaɗai mutumin nan ke sunkuyar da kai. Gyaran Camry ya cinye kuɗin da na ware wa rufin ɗakin Inna a Kano, wanda na yi wa ƙannena alkawari ranar arba'in. Har yau bai ce mini "Yaya, yi haƙuri" ba. Abin da ya gaya wa Auta shi ne ai ya nema mini mai sauƙi.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan kawo yadda muka kwashe da shi a ɗaurin auren 'yar Yaya Babba a Hindawiyya.