Abinda riƙe ƙungiyar ƙauyenmu ya koya min

Da samarin ƙauyenmu nan wajen Ringim suka ce in zama kocinsu, abu na farko da na tarar shine kowa lamba tara ne ko goma. Ka tara yara a filin firamare bayan la'asar kace wa zai tsaya baya, sai kowa ya kama kallon ƙasa, gola kuwa sai dai a tura ƙaramin cikinsu. A gidan kallo sun haddace komai, firesin ne, kanta ne, 4-3-3 ne, amma da an busa usur duk sai su dunƙule inda ƙwallo take.

Toh ni da tsakiya na fara. Akwai wani yaro da baya gajiya ko kaɗan, nace kai ne lamba huɗu, wato wanda masu sharhi a talabijin suke cewa shida. Ya ɓata rai yace Koci ai ba'a ganin mai buga wajen nan. Nace masa Leicester da ta ɗau Firimiya a 2016 kowa Vardy da Mahrez yake kira, amma Kante ne yake ƙwato musu ƙwallo, kuma da ya koma Chelsea su suka ɗauka a 2017. Aikin da na bashi bashi da yawa amma wlh yana da wuya, ya tsaya gaban biyar da shida namu, wato 'yan baya na tsakiya, kar ya bi ƙwallo gefe ko da ana masa ihu daga bakin fili, ya tare fasin kafin ya isa ga lamba goman su, in ya ƙwace ya miƙa wa na kusa dashi, ba yanka ba burga. Tunda ya zauna a wajen nan 'yan bayanmu suka samu sauƙi, takwas da goma kuma suka samu damar hawa gaba hankali kwance.

Satar gida ta ɗau mana lokaci. Da yawa basu san babu ita a jifa ko kwana ko bugun gola ba, kuma in kana rabin filinku lokacin da aka bugo maka baka saci komai ba. Na koya wa 'yan baya huɗu su riƙa fitowa a layi ɗaya, lamba biyar ne kaɗai mai cewa a fito. Amma fa a wasan ƙauye rafali ɗaya ne, ba masu tuta, yana can tsakiya ba zai ga layinka ba, shi yasa tarkon nan muke barinsa a turenin, ranar gasa mu ja baya kowa ya riƙe mutuminsa.

Haka ma fara wasa daga baya. Tun 2019 doka ta yarda a bugun gola, gola ya baiwa ɗan baya ƙwallo a cikin da'irar gidansa, yara suna so suyi irin na Man City, alhali filinmu rairayi ne da ƙarangiya da sawun shanu, kayi fasin ƙasa ta tsaya a hanya. Abinda yake mana aiki kanta ne, huɗu ya ƙwace, a wurga wa 'yan gefe, bakwai ko sha ɗaya, su zuba gudu su yi kurosin. Kullum misalin da nake basu ƙwallon farko da Ahmed Musa ya ci Iceland a 2018, Moses ya kwasa ta dama ya bugo, Musa ya tare ya ɗaɗa.

Maganar cinikin 'yan wasa kuwa ita tafi damuna. Yara sun san PSG ta biya yuro miliyan 222 ta fanshi kwantiragin Neymar a 2017, sun san Osimhen aro ya fara zuwa Galatasaray daga Napoli a 2024 kafin su saye shi. Namu cinikin takalmi ne da kuɗin mashin, ƙauyen maƙota su ɗauke maka ɗan gaba ana gobe gasa, ga ci-rani da yake kwashe manyan da an gama kaka. Yanzu in za'a ari yaro sai da sanin mahaifinsa kuma a faɗi ranar dawowa.

Wani ma yazo da sunan ejan wai zai kai golanmu gwaji waje, a kawo kuɗin biza. Na samu mahaifin yaron nace Baba dan Allah kar a sayar da sa saboda wannan, Ahmed Musa sai da ya ci 18 a Kano Pillars ya zama wanda yafi kowa ci a gasar Najeriya sannan VVV-Venlo ta Holand ta ɗauke shi a 2010, kuma ƙungiyar da take son yaro ita take kashe kuɗi. Baba yace wa mutumin ya kawo takardar gayyata daga ƙungiyar mu kai wa hukumar ƙwallo a Dutse ta duba, har yau bai dawo ba.